Makulli Na Huɗu

Ni ba na ɗinki da ka. Duk wanda ya san ni ya san wannan. Akwai masu kallon abu su ce "zai yi," su kafa almakashi, in ya zo bai yi ba su ce laifin ƙyallen ne. Ni sai na auna, na zana, na sake aunawa. Shi ya sa da na ƙudura bana gidan makulli zan ɗinka wa 'yan'uwana na kyautar hutun ƙarshen shekara, ban tsaya ƙiyasi ba. Na jira ranar Asabar da suka zo gaishe da Baba, na dire faranti a tsakiyar falo na ce kowa ya zube makullansa.

Gidan makulli ba wani abin a zo a gani ba ne. 'Yar jaka ce ta ƙyalle mai kauri, bakinta a buɗe ta ƙasa, da zobe a ciki, igiya ta ɓullo ta sama. Ka ja igiyar makullai su shige su yi shiru, ka sake ta su zubo. Adon jiki kuma da allura da zare nake yi, da hannu, keke ba ya shiga wannan aikin. Amma in ba a auna makullin da ya fi tsawo da kan da ya fi faɗi ba, mutum zai yi ta kokawa da abin a bakin ƙofa yana zagina a zuci.

Kuma duk ukun suna bukata. Yaya, babbanmu, shagon kayan gini gare shi, makullansa sun fi goma, duk wandon da ya saka sai sun huda aljihu, matarsa ta kwaso ta kawo mini faci. Dogo, mai bi mini, malamin makaranta ne, amma sau biyu ana ɓalle masa ƙofa a shekarar nan. Auta kuwa nas ce, jakarta in ka sa hannu sai ka fito da komai ban da abin da kake nema.

"Soja ta ba da umarni," in ji Dogo, ya ƙame ya sara mini. Tun muna yara suke kirana Soja, kuma ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba.

Auta ta zazzage nata. Yaya ne ya tsaya yana jujjuya nasa a hannu.

"Dukka?" ya ce.

"A'a, rabi. Dukka mana, Yaya! Cinyewa zan yi?"

Ya kalli Dogo, Dogo ya kalli silin. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka tsoron kada in ɓatar masa da na shago yake yi. Na shige ɗaki na kwantar da makullan ɗaya bayan ɗaya a kan kwalin ganyen shayi, na bi gefen kowanne da fensir, har haƙoransa. Ba na bukatar haƙoran don ɗinki, amma hannuna ba ya iya tsallake abu. Na rubuta wa kowa sunansa a kwalinsa na mayar musu da kayansu.

Ranar Litinin da safe, bayan na ba Baba maganinsa da shayinsa ba sukari, na jera kwalayen uku a bakin taga zan yanka ƙyalle. Nan idona ya sauka a kan wani gajeren makulli a kwalin Yaya, mai kai kusurwa huɗu, haƙori biyu a gaba, gibi, sannan ɗaya dogo. Na duba kwalin Dogo, ga shi nan. Na duba na Auta, ga shi nan kwance tsakanin na motarta da na durowarta ta asibiti. Na yanko zanen ukun na ɗora su a kan juna na ɗaga wa hasken taga. Ko gashi ɗaya babu bambanci.

To, mutum uku, gida uku, unguwa uku, aiki uku, wace ƙofa ce ta haɗa su? Ƙofa ɗaya na sani, ta gidan nan, kuma makullinta dogo ne mai zagayen kai, yana ɗaure a bakin zanena. Duk da haka na tashi na bi ƙofofin gidan har da ta sito ina kara kwali a jikin makullansu. Babu wanda ya yi kama.

Na yafa mayafi. Baba yana kan kujerarsa yana sauraren rediyo.

"Ina zuwa, Uwata?" Haka yake kirana.

"Yanzu zan dawo. Kada ka tashi, na goge ƙasa da ruwa."

Na ja ƙofar gida na murza mata makulli ta waje kamar kullum, na nufi bakin titi wurin mai yankan makulli. Ya san gidanmu sarai, shi yake gyara mana kwaɗo. Na miƙa masa kwalin na ce ko zai gane wane irin makulli ne wannan.

Ya ɗora gilashi a hanci ya yi dariya. "Kai, wannan hannu naki! Ai aikina ne. Yayanki ya kawo ɗaya na yanka uku a kai, huɗu ke nan. Na sabon wurin tsoho ne. Ashe har an tare?"

"Wane tsoho?"

Dariyar ta maƙale. Ya ce, "Au."

Ya so ya zille, ya hau goge injinsa da ba ya bukatar guga. Na ce masa yau ko zai kwana yana gogewa ina nan tsaye. Sai ya amayar da abin da ya sani. Ciki da falo ne a layin masu gyaran agogo, bayan tsohon shagon Baba. An yi fenti, an kai gado. Da an gama hutu za a mayar da Baba can.

Ban san yadda na tsallaka titi ba. Na dai ji wani mai mota yana danna oda yana tambayata ko na gaji da duniya ne, na ce masa shi ya gaji da ita.

Shekara tara! Shekara tara tun rasuwar Mama ni ke tare da Baba a gidan nan. Aurena ya mutu na dawo, aka yi ta cewa Allah ne ya kawo ni. Ni na san ƙwayar da ake sha kafin abinci da wadda ake sha bayansa. Ni na san tarin da ya isa a kira likita da wanda ruwan ɗumi zai kwantar. Da aka kwantar da shi sati uku, wa ya zauna a kujerar roba har bayansa ya sage? Auta tana aiki a asibitin, amma leƙowa take yi da farin kayanta ta taɓa masa goshi ta wuce, a ce 'yarsa nas tana ƙoƙari. Yaya ya aiko da kwalin madara, Dogo ya aiko da gaisuwa. Masu kawo mini ɗinki da yawa sun gudu saboda ba na iya fita kai musu kaya. Ko biki ba na zuwa. Yanzu su ukun nan, da ba su san lambar takalminsa ba, sun haɗa kai za su ɗauke mini shi kamar tsohuwar kujera, ko a ce mini ci kanki.

Makulli na huɗun ne ya fi ci mini rai. Na san ba nawa ba ne, da nawa ne da an ba ni. Na wa ne, in ba na wata 'yar aiki da suka samo ba? Wata can da za ta zuba masa gishiri son ranta, ta zauna tana latsa waya yana kira ba ta ji. A ce da ita za a maye gurbina! Wallahi na yi kuka a hanya, kukan baƙin ciki, na share kafin in buɗe ƙofa don kada Baba ya gani. Na yanke ba zan faɗa masa ba, jininsa ba ya son tashin hankali.

Na ɗauki waya zan kira Yaya in wanke shi tas, sai na ajiye. Waya ta yi masa arha, zai ce ba ya ji sosai ya kashe. A gaban idona nake son su. Na koma kan ɗinkina, na canza zanen da na yi niyya. Da fure zan yi wa Auta, Dogo littafi, Yaya harafin farko na shagonsa. Na soke duka. Na ɗora ɗan kwalin gajeren makullin nan a gaban kowace jaka na zana, na zaro jan zare mai kauri.

Kwana goma sha ɗaya na yi a kansu. Na Yaya ruwan toka, na Dogo shuɗi, na Auta ruwan ƙasa, kowanne da shafi a ciki don kada ƙarfe ya ci ƙyallen. Gefen makullin na bi shi da ɗinkin sarƙa, cikinsa na cike da zare kwance a jere, babu inda ƙyalle ya leƙo. Haƙori biyu, gibi, ɗaya dogo. Allura ta soke ni ya fi a ƙirga don da ƙarfi nake caka ta, zare ya tsinke mini sau uku, abin da rabona da shi tun ina koyo. Inda ya karkace na farke na sake. Haushi ba zai sa in fitar da mummunan aiki daga hannuna ba.

Wata ranar da la'asar Baba ya jawo sandarsa ya zo ya tsaya a kaina. Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo, yana son kallon aikin hannu. Ya ɗauki na Dogo ya kai kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

"Aiki ya yi kyau," ya ce. Ya ajiye a hankali. Can ya ce, "Uwata, da za ki buɗe mini in ɗan taka zuwa bakin layi."

"Ka taka zuwa ina? Iska ake yi. Ga tsakar gida nan, ka zagaya sau biyar, likita ma haka ya ce."

Ya juya ya koma kujerarsa.

Ranar da aka taru don hutun, na yi girki kamar ba komai, na bari kowa ya ci ya ƙoshi. Matan Yaya da Dogo suka kwashi kwanuka suka yi kicin, yara suka fita wasa. Ya rage mu huɗu da Baba a falo. Na ɗauko ƙunshi uku na bi su ɗaya-ɗaya na ɗora wa kowa a cinya.

Auta ta fara buɗewa. "Wayyo Anti, kin ga kyau..." Maganar ta tsaya. Ta juya abin, ta sake juyowa. Dogo ya buɗe nasa, murmushinsa ya bushe a fuska. Yaya ko gama warware takardar bai yi ba, ya hango jan zaren ya mayar ya rufe.

"Ku gwada mana," na ce. "Ku ciro makullanku ku saka. Akwai wani gajere, ku kara shi a kan zanen ku gani ko hannuna ya kuskure."



"Soja, zauna mu yi magana," in ji Yaya.

"Ba zan zauna ba! Kada ka ƙara ce mini Soja! Da kuka zauna kuka ƙulla munafuncinku kun kira ni? A bakin mai yankan makulli zan ji za a raba ni da ubana? A titi, Yaya, a titi! Me na yi muku? Na bar shi da yunwa ne, ko kun taɓa zuwa kun tarar da shi cikin datti?"

"Anti, wallahi ba haka..." Auta ta fara.

"Ke rufe mini baki! Ke da na goya. Faɗa mini, ƙarfe nawa yake shan farar ƙwayar? Nas ce ke, faɗa mini!"

Ta sunkuyar da kai tana hawaye. Dogo ya ce bayan hutu suka so su faɗa mini, a natse.

"Bayan hutu! In na tashi na ga ɗaki wayam, ko? Sai ka turo mini gaisuwa yadda ka saba."

Yaya ya miƙe, shi ma ransa ya ɓaci. "Ke kin san ana iya faɗa miki magana? Wa ya isa? Shekara biyu kina kulle mutum a gida kamar ɗan kaso. Abokansa sun zo kin ce yana barci, sun sake zuwa kin ce yana barci, har sun daina zuwa. Makullin gidansa, gidan da ya gina da guminsa, kin zare daga aljihunsa."

"Na zare! Ko gobe zan sake zarewa! Ranar da ya faɗi a bakin kwata goshinsa ya fashe kana ina? Ni na ɗauko shi, jininsa a rigata. Kana shago kana auna ƙusa! Na rantse ba zai sake faɗuwa a titi ba ina raye, kuma bai sake ba. Wannan ne laifina? To ku fito da ita in gan ta."

"Wa?"

"Mai makulli na huɗu! 'Yar aikin da kuka samo. Huɗu aka yanka, na sani. Ku kira ta ta zo in ga wadda ta fi ni iya riƙe ubana."

Sai na ji ƙarar sanda a ƙasa, sau biyu. Baba ne. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya sa yatsa a cikin naɗin ya zaro wani abu. Gajere ne, mai kai kusurwa huɗu, sabo fil.

"Ga na huɗun, Uwata. Ki daina zagin 'yan'uwanki. Ni na sa su."

Na juya na fuskance shi.

"Baba, sun zuga ka ne. Ba ka san abin da..."

"Na sani. Ƙafa ce ta yi rauni, kai yana nan. Ni na kira yayanki na ce ya nemo mini wuri kusa da mutanena. Wata biyar ina roƙonsa yana cewa za ki ji ciwo. Ni na ce kada a faɗa miki sai an gama, don na san in kika ji da wuri ba za a gama ba." Ya numfasa. "Tun ranar da na ga jan zaren nan na san kin gane. Na so in yi miki magana, na kasa. Tsoronki nake ji. Kin ji abin kunya, mutum da furfurarsa."

Wannan kalmar ta fi duk abin da Yaya ya faɗa zafi. Na ce, "Tsorona? Ni da na bar komai saboda kai?"

"Kin bar komai, ban musa ba. Babu wanda ya yi mini abin da kika yi, kuma babu mai yi. Amma abokina na shago, wanda muka yi shekara talatin benci ɗaya, ya rasu ranar wata Laraba kina kasuwa. Aka zo aka buga ƙofa, ina ciki ina jin su, suna waje suna jina. Ta ƙasan ƙofa aka faɗa mini. Aka kai shi ban je ba. Da kika dawo kika ce gara da ban je ba, rana ta yi zafi."

Na tuna ranar. Na tuna har na ƙara masa da cewa mamaci ba ya ƙirga masu raka shi. Kunya ta rufe ni, haushi kuma bai tafi ba.

"Idan ka faɗi fa?" na ce. Muryata ta zama wata iri. "Idan ka faɗi a can ba kowa?"

"Sai in faɗi. Wanda ya gani ya ɗaga ni. In ba a gani ba, kwana ya ƙare ke nan. Na fi son haka da in ƙara shekara goma ina zagaya tsakar gida sau biyar."

Auta tana ta sheshsheka. Dogo ya fice. Baba ya miƙo mini makullin a tafin hannunsa.

"Kin yi wa kowa, ba ki yi mini ba. Ki auna wannan. Ƙarami nake so, guda ɗaya ne zai zauna a ciki."

Na karɓa. Da ɗumin kansa a jikin ƙarfen. Na juya shi, na dubi ƙunshin Yaya da na Auta, na san me zan tambaya kuma na san bai kamata ba, amma bakina bai taɓa jin maganata ba.

"Su uku kowa yana da nasa. Ni fa, Baba? Sai a yanka na biyar."

Ya girgiza kai.

"Waɗannan ba sa zuwa sai an kira su, nasu a aljihu zai tsufa. Ke kuwa in na ba ki yau, jibi nawa za ki karɓe, kuma don kina sona za ki karɓe." Ya mayar da hularsa ya gyara mata zama. "Ki zo kullum in kina so, safe da yamma. Ki ƙwanƙwasa, ki ɗan yi haƙuri don ba na sauri. Ni zan taso in buɗe miki."